Kurakuran da aka fi yi wajen ba da tarihin mamayar Yammacin Amurka

Yawancin abin da muke faɗa kan yadda Amurka ta bazu zuwa yamma daga finafinan kaboyi muka tsinto shi: mutum bisa doki, bindiga a ƙugu, fili fetal babu kowa. Da a hira abin ya tsaya, da sauƙi. To amma ɗalibai suna kai shi cikin jarrabawa, masu rubutu a intanet kuma suna ta maimaita shi, don haka gyara ya zama dole.

Uwar kurakuran ita ce ɗaukar cewa ƙasar ba mai ita. Tun 1610 Sifaniyawa suka kafa garin Santa Fe, kuma ko su sun tarar da al'ummar Pueblo da garuruwansu da gonakin masara. Comanche sun riƙe filayen kudu da ƙarfin doki da ciniki, Lakota suna arewa. Cherokee, waɗanda aka kora daga gabas zuwa yamma, suna da rubutaccen tsarin mulki tun 1827 da jarida cikin harshensu tun 1828. Duk da haka aka yi dokar tashinsu a 1830 zamanin shugaba Andrew Jackson, sojoji suka tasa ƙeyarsu zuwa yankin da ake kira Oklahoma yanzu a 1838, kimanin mutum 4,000 suka mutu. Saboda haka duk inda ka karanta cewa "an buɗe sabuwar ƙasa", tsaya ka tambayi wa ke zaune a wurin kafin ranar. Kuma ka kira kowace al'umma da sunanta. Wanda ya haɗa Navajo da Lakota a kwando ɗaya tamkar wanda ya ce Bahaushe da Bayarabe da Tibi duk abu ɗaya ne.

Daga nan ake faɗawa kuskuren cinikin Louisiana na 1803. Sai a ce shugaba Thomas Jefferson ya sayi ƙasar daga Napoleon kan dala miliyan 15, shi ke nan ta zama tasu. Gaskiya ne faɗin Amurka ya ninka, amma mafi yawan yankin ba ya hannun Faransa a zahiri. Abin da aka saya shi ne janyewar Faransa daga takara. Ƙasar kanta sai daga baya aka yi ta karɓe ta daga masu ita, yau da yarjejeniya, gobe da bindiga. California da Nevada da Utah da mafi yawan Arizona da New Mexico kuwa yaƙi ne ya kawo su: Amurka ta ci Meziko, aka sa hannu a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo a 1848. In za ka rubuta, bambanta wanda aka saya, wanda aka ci da yaƙi, da wanda aka daidaita da Ingila, wato Oregon a 1846.

Wani kuskuren da ya fi daɗin ji shi ne cewa jarumtar ɗaiɗaikun mutane ce ta gina yamma, gwamnati ba ruwanta. Wahalar talakawan da suka yi ƙaura gaskiya ce, ba na raina ta. Amma gwamnati ce ta auna ƙasar, ta girke sojoji, ta raba filaye. Dokar Homestead da Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862 ta ba mutum eka 160 in ya zauna ya noma shekara 5. A shekarar ce aka yi dokar layin dogo, kamfanoni suka samu rance da filaye, jimillar abin da gwamnatin tarayya ta ba kamfanonin jirgin ƙasa ya haura eka miliyan 100. Kuma kada ka ɗauka duk wanda ya karɓi eka 160 ya yi arziki. A yankunan da ruwan sama ya yi ƙaranci wannan fili ba ya riƙe iyali. Masanin ƙasa John Wesley Powell ya yi gargaɗi a rahotonsa na 1878, ba a saurare shi ba, masu yawa suka tattara suka bar gonakin.

Ana kuma yawan kuskuren abin da ya kashe mutane. A hanyar Oregon, tafiyar kusan mil 2,000 da keken shanu, wata 4 zuwa 6, kwalara da haɗurra ne suka fi cin rayuka, hare-hare ba su kai su ba. A ɓangaren 'yan asalin ƙasar ma fagen daga ba shi ne ya fi yi musu ɓarna ba. Agana ta kusa shafe al'ummar Mandan a 1837. An karkashe ɓaunar filayen, wadda ita ce abincinsu da tufafinsu da tantunansu, daga miliyoyi har aka koma ƙasa da 1,000 a ƙarshen shekarun 1880. Sai takarda: dokar Dawes ta 1887 ta yayyanka ƙasar al'umma zuwa gonakin ɗaiɗaiku, abin da aka kira rara aka ba baƙi. Daga eka miliyan 138 da ke hannunsu, a 1934 saura miliyan 48.

Labarin duwatsun Black Hills ya isa misali, kuma shi nake so kowane ɗalibi ya riƙe. A 1868 Amurka ta sa hannu a Fort Laramie cewa wurin na Lakota ne. A 1874 ayarin hafsan sojan Amurka George Custer ya tabbatar akwai zinare, masu haƙa suka kwararo. A Yunin 1876 mayaƙan Lakota da Cheyenne, ƙarƙashin jagorancin irin su Sitting Bull da Crazy Horse, suka hallaka Custer da rundunar da ke tare da shi a Little Bighorn. Shekarar da ta biyo baya majalisa ta ƙwace duwatsun. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yarda an ƙwace ba bisa ƙa'ida ba, aka yanke diyyar da ta haura dala miliyan 100, su kuma suka ƙi karɓa, suka ce ƙasarsu suke so. Wanda ya fara labarin daga 1876 ya ɓoye wanda ya fara saɓa alkawari. Fara daga 1868.

Shi kansa kaboyin an yi masa kwaskwarima. Makiyayi ne ɗan ƙwadago mai ƙaramin albashi, kuma sana'ar daga makiyayan Meziko aka koye ta. Masana da yawa na kiyasin ɗaya cikin huɗu baƙar fata ne. Zamanin kora shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgi na Kansas bai wuce shekara 20 da wani abu ba, waya mai ƙaya da yaɗuwar layin dogo suka kashe shi. Garuruwa irin su Dodge City da Tombstone har dokar hana yawo da bindiga cikin gari suke da ita. Haka ake mantawa da 'yan Sin, alhali su ne mafi rinjayen leburorin da suka fasa duwatsun Sierra Nevada har layin dogon gabas da na yamma suka haɗu a Utah a 1869. A 1882 aka yi dokar hana leburorinsu shiga ƙasar.

Kada kuma ka raba wannan tarihi da na bauta. Kowace sabuwar jiha ta zo da gardamar ko za a riƙe bayi a cikinta, tun daga sasancin Missouri na 1820 har dokar Kansas da Nebraska ta 1854 wadda ta jawo zubar da jini. Wannan gardamar ce ta kai ga yaƙin basasa a 1861.

Masu tausayi ma suna da nasu kuskuren: sai su rufe labarin da kisan Wounded Knee na Disamban 1890, inda sojojin Amurka suka karkashe Lakota, kamar daga nan mutanen suka ƙare. Ba su ƙare ba. Gwamnatin Amurka ta amince da al'ummomi sama da 570, da yawansu da majalisunsu da kotunansu. A 2020, a shari'ar McGirt, Kotun Ƙoli ta ce yankin da aka keɓe wa al'ummar Muscogee a gabashin Oklahoma yana nan a doka, domin majalisa ba ta taɓa soke shi ba.