Saiwar ruwa a kalmomin Turanci

Masu shirin JAMB da WAEC, ku riƙe saiwa huɗu kafin ku fara haddace ƙamus.

Aqua ruwa ne da Latin, hydro kuma ruwa ne da Girkanci. Daga nan aka sami aquarium da aquatic, da hydroelectric, wato wutar da ake samarwa da ƙarfin ruwa irin ta Kainji da Shiroro. Dehydration kuwa, haruffan de ne suka shigo gaban hydro, ma'ana ruwan jiki ya ƙare. A rubutu ake yawan faɗuwa: aquatic ba ta da c bayan a, acquire ce mai c, kuma ba danginsu ɗaya ba.

Unda, igiyar ruwa, ta fi ɓuya. Inundate ambaliya ce, undulate tashi da sauka kamar igiya, abundant abin da ya cika ya tumbatsa. Har redundant, wanda ya yi yawa aka rasa amfaninsa, daga can take.

Mare teku ne: marine, maritime, submarine. Amma a kula, marital daga maritus ta fito, wato miji. Maganar aure ce, ko ɗigon ruwa babu a cikinta.