Dabarar gane ko babbar lamba tana rabuwa da 7, 11 ko 13

'Yan uwa ɗalibai da malaman lissafi, ga wata dabara mai rage ɓata lokaci, musamman a ɗakin jarrabawa.

Idan an ba ka lamba mai alƙaluma 4 zuwa 6, raba ta gida biyu daga wurin waƙafi. Cire ƙaramin gida daga babba. Abin da ya rage shi za ka gwada.

Ɗauki 247,520.
520 a cire 247, saura 273.
273 tana rabuwa da 7 (sau 39), tana rabuwa da 13 (sau 21), amma ba ta rabuwa da 11.
To haka 247,520 take, ba ƙari ba ragi.

Dalili kuwa shi ne 7 sau 11 sau 13 ya ba da 1001. Kowace dubu ɗaya 1001 ce da aka rage wa 1. Ka ga dubu 247 ta zama 1001 sau 247, an cire 247. Kashin farko ya riga ya rabu da duka ukun, sai ragowar kaɗai ke buƙatar bincike. Malamai, don Allah ku riƙa nuna wa yara wannan dalilin, kada su haddace kawai.

Idan lambar ta kai miliyan, yanka ta uku-uku daga dama, ka cire, ka haɗa, bi da bi.

Amma a kula, dabarar ba ruwanta da 17 ko 19. Duba 1,003: saura 2, ba ta rabuwa da ko ɗaya cikin ukun, alhali 17 sau 59 ce. Kada ka yi saurin cewa lamba ba ta rabuwa sai da 1 da kanta.