Darasi na Bakwai: Auna Matsin Iska Kafin a Sauke Inji

Mota ta daina jan hawa, tana rawa idan an tsaya, tana shan baƙin mai, wani lokacin da hayaƙi a salansa. An canja filogi, an wanke nozil, an duba kwayil, amma shiru kake ji. Daga nan sai wani ya ce a sauke inji. Sauke inji babban aiki ne, kuma bai kamata a fara shi da zato ba. Akwai gwaji iri biyu da za su faɗa maka halin da cikin inji yake ba tare da ka kwance shi ba. Na farko yana nuna silindar da ke da ciwo. Na biyu yana nuna ta inda iska ke tserewa.

Me ya sa matsi yake da muhimmanci

A cikin kowace silinda fistin yana yin tafiya huɗu. Ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya kunna wuta ta tunkuɗa shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ƙarfin mota ya dogara da tafiya ta biyu. In ba a matse iskar sosai ba, wutar ba za ta yi ƙarfi ba. Abubuwa uku ne ke tsare iskar: ringin da ke jikin fistin, bawul na shiga da na fita, da gasket ɗin da ke tsakanin top (murfin saman inji) da bulo (gangar jikin inji). Ɗaya ya lalace, matsi ya zube.

Gwajin farko: gejin matsi

Kayan aikin geji ne mai tiyo, wanda ake ɗaura bakinsa a ramin filogi. Yana nuna lamba da psi ko da bar, wato ma'aunan matsin iska. Bar ɗaya ya kai psi 14.5.

Ka bar injin ya yi zafi, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi, ringi kuma ya fi zama daidai. Ka kashe, ka cire fiyus ɗin famfon fetur, ka cire wayar kwayil don kada wuta ta tashi. Ka hure ƙurar da ke gefen filogi kafin ka kwance, kada ta faɗa ciki. Ka cire filogi duka, ba ɗaya kaɗai ba, ka jera su bi da bi, saboda kalar bakin kowanne ma shaida ce. Batir ya kasance a cike. Batir mai rauni yana juya inji a hankali, lambar ta fito ƙasa, ka ɗora wa inji laifin da ba nasa ba.

Ka ɗaura gejin a silinda ta farko. Mataimakinka ya take totur har ƙasa, ya murza makulli injin ya juya, allura ta yi tsalle sau biyar ko shida har ta tsaya. Wannan take totur ɗin shi ne abin da aka fi mantawa, alhali in hanyar iska a rufe take, me fistin zai matsa? Ka rubuta lambar a takarda, ka saki iskar gejin, ka wuce ta gaba. Kada ka ce za ka riƙe a ka.

Yawancin injinan fetur masu lafiya suna nuna tsakanin psi 120 zuwa 180. Abin da ya yi ƙasa da 100 abin dubawa ne. Ainihin lambar motar da ke gabanka tana cikin littafin kamfanin da ya ƙera ta. Amma a ganina bambancin da ke tsakanin silindojin ya fi lambar kanta amfani, don geji na iya tsufa ya rage ko ya ƙara, kuma a wuri mai tudu sosai iska ba ta da nauyi, lamba tana sauka. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 10 cikin 100. Idan mafi girma 160 ce, kashi 10 nata 16 ke nan, don haka mafi ƙanƙanta kada ta gaza 144.

To, ka samu guda ta yi ƙasa. Sai ka zuba baƙin mai kamar cokalin shayi ɗaya ta ramin filogin, ka sake aunawa. Man yana toshe giɓin da ke tsakanin ringi da bangon silinda na ɗan lokaci. In lambar ta tashi sosai, ringi ko bangon ya cinye. In ba ta motsa ba, iskar ta sama take fita, wato bawul ko gasket. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, galibi gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. In kuwa duka suka yi ƙasa daidai wa daida, ka duba bel ɗin taimin ko sarƙarsa tukuna, wato abin da ke daidaita buɗewar bawul da tafiyar fistin, mai yiwuwa ya tsallake haƙori. Lambar da ta zarce ƙa'ida ma ba abin murna ba ce, tana iya nufin dattin hayaƙi ya daskare a kan fistin.

Injin dizal daban yake. Matsinsa ya kan haura psi 300, yana da nasa geji, kuma ta ramin hita filogi ko na nozil ake auna shi. Kada ka zuba masa mai a silinda, domin matsi kaɗai yana iya kunna man.

Gwaji na biyu: neman inda iska ke yoyo

A nan inji ba ya juyawa. Kai ne za ka tura iska cikin silinda daga kwamfireso, ka ga nawa ta riƙe. Na'urar tana da geji biyu: ɗaya na iskar da ke shiga, ɗaya na abin da ya tsere, cikin kashi ɗari. An fi saita iskar a psi 100 saboda lissafin ya zo da sauƙi.

Wahalar aikin ita ce tsayar da fistin a inda ya dace. Ka sa sifana a kan notin kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ka juya da hannu, yatsanka yana toshe da ramin filogi. Da ka ji iska tana tunkuɗo yatsan, fistin yana tafiyar matsi ke nan. Ka ci gaba a hankali har ya kai ƙololuwa. A wurin ne bawul biyun suke rufe. Fistin yana zuwa sama sau biyu, na biyun lokacin korar hayaƙi ne, bawul a buɗe. Wanda ya auna a wannan wurin zai ga iska tana zuba, ya yanke wa inji mai lafiya hukunci.

Ka cire sifanar kafin ka buɗe iska. Iskar tana iya tunkuɗa fistin ƙasa farat ɗaya, sifanar ta juyo ta karya hannu.

Babu injin da ba ya yoyo ko kaɗan. Ƙasa da kashi 10 lafiya lau ne. Zuwa kashi 20 inji ya fara gajiya amma zai yi aiki. Daga kashi 30 zuwa sama akwai gyara. Yanzu sai ka ajiye ido ka yi aiki da kunne. In ka ji huci ta bakin totur, wato inda iska ke shiga inji, bawul na shiga ne. In ta salansa yake fitowa, bawul na fita ne, kuma shi ya fi ƙonewa saboda zafin da yake sha. Ka buɗe murfin zuba baƙin mai: ƙaramin sauti a nan ba komai ba ne, amma huci mai ƙarfi ringi ne. Ka leƙa lagireto, in ruwa yana kumfa, gasket ya tafi ko top ya tsage. Sai dai kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, ka jira ya huce. Iskar da ke fitowa ta ramin filogin maƙwabciya ma gasket take nunawa.

Wani lokacin bawul ba ƙonewa ya yi ba, saitinsa ne ya matse har ba ya rufewa sosai. A injin da ake saita bawul da hannu, ka duba wannan kafin ka taɓa top.

Aikin gida

1. Mota mai silinda huɗu ta nuna 165, 160, 95, 162. An zuba mai a ta uku, ta koma 140. Mene ne ya lalace?
2. Wata ta nuna 155, 70, 72, 158. Ina za ka fara zargi, kuma me ya sa?
3. Mafi girman lamba 180 ce. Lissafa lambar da mafi ƙanƙanta bai kamata ta gaza ba.