Mikro-ond na mutuwa tsakiyar aiki: yadda ake duba termosta da sond

In mikro-ond (na'urar nan mai ɗumama abinci) ya kama aiki minti 2 ko 3 sai ya mutu gaba ɗaya, hitila ta ɗauke agogo ya ɗauke, ka bar shi ya huce kuma ya dawo da kanshi, to galibi ba matsalar kuran ba ce, ɗan abin nan ne mai gadin zahi da masu gyara ke ce ma termosta. Ƙarami ne zagayayye, girmanshi kamar babban maɓallin riga, da ƙafa biyu inda wayoyi ke shiga. Ɗaya na manne a jikin manyetron (shi ne mai dahuwar), wani kuma bisa akwatin da ake sa abinci. Zahi ya wuce ƙa'ida sai ya yanke wuta. Akwai mai maido da wuta in ya huce, akwai kuma wanda in ya yanke ya yanke kenan sai canji.

Kahin ka taɓa turnabis dan Allah ka ji wannan. Cikin mikro-ond akwai kondansater, wani abu mai tara wuta, mai aiki da wuta wajen volt 2000, kuma yana iya riƙe caji ko bayan ka zare priz. Wannan ba jan wutar pasa ba ne da za ka yarhe hannu ka yi dariya, kisa yake yi. In ba ka san yadda ake sauke cajinshi da ƙarhe mai hannun roba ba, tsaya ga binciken waje kawai ka kai ma mai gyara sauran, ba abin kunya ba ne wallahi.

Binciken waje ma shi ne rabin aikin. A nan Yamai watan Afrilu da Mayu zahi na wuce digiri 40, kicin ɗin ma ya hi waje, sannan ƙurar hunturu ta riga ta toshe ƴan ramukan iska na baya da na gehe, ga shi an matse na'urar jikin bango, Hajiya kuma ta lulluɓe ta da ƙyalle mai ado don kar ta yi datti. To ta ina za ta sha iska? Ɗauke ƙyallen, jawo ta daga bango, share ramukan da buroshi. Sa kohin ruwa ciki ka kunna, kai hannu wajen ramukan ka ji ko iska na hita. In shiru, vantilater ɗin ciki ne ya tsaya, termosta aikinshi kawai yake yi. Kuma a hana yara kunna ta wayam ba komi ciki, wannan na gasa manyetron.

Wanda ya iya kuma: zare priz, kwance bis ɗin murhin (wasu marka suna sa bis mai tauraro, sai da kan turnabis nashi), sauke cajin kondansater, ɗauki hoton wayoyin da salula don kar ka rikice wajen maidawa. Cire waya ɗaya daga ƙafar termosta, sa miltimeta (na'urar awon wuta) inda yake ƙara, taɓa ƙafa biyun. In termostan na sanyi ya kamata miltimeta ya yi tiii, lamba kusa da 0. In bai ce komi ba, termostan ya mutu. Duba fizibil ma da makunnan ƙofa tunda ka riga ka buɗe, su ma suna kashe na'ura.

Mikro-ond masu gril da iska mai zahi su suna da wani daban, sond, ɗan siriri mai waya biyu da ke tahiya zuwa kat, wato allon lantarkin da ke sarrafa na'urar. Shi ba yanke wuta yake ba, gaya ma kat yawan zahin yake, in ya lalace sai ka ga lambar kuskure bisa ekran ko gashi ya tsaya tun bai yi nisa ba. Cire fish ɗinshi, sa miltimeta kan ohm, riƙe kan sond ɗin cikin yatsunka ya ɗumama, lambar ta riƙa canzawa sannu sannu. In ta tsaya 0, ko ba ta nuna komi, ko tana tsalle, canza shi. Wani lokaci ma maiƙo ne da tsatsa a bakin fish, gogewa kawai ta isa.

Wajen saye, ɗauki tsohon termostan a aljihu ka tahi kasuwar Katako wajen masu tsoffin kayan wuta. A jikinshi an rubuta digiri da amper, misali 150°C 10A, ka nemi daidai wannan lambar, kar a ce maka ai duk ɗaya ne. Kuma in wani ya ce bari ya haɗe wayoyin direk ka huta, ce mishi a'a malam na gode, don ranar da vantilater ya tsaya babu abin da zai yanke wutar, gobara ce. Ka ɗaure sabon ya manne sosai jikin ƙarhe, maida murhi da bis duka kahin ka sa priz, sannan ka gwada da kohin ruwa minti 3, sau biyu a jere.