Darasi na Bakwai: Kumburin Ƙafa Idan Girma Ya Zo

Dattijo yakan sa takalminsa da safe ya shige shi sarai. Kafin la'asar takalmin ya matse, in ya cire sai a ga shatinsa a bayan ƙafa. Gidaje da yawa akwai mai irin wannan. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce sanyi ne ya kama shi. Gaskiyar magana, kumburi alama ce, kuma abin da yake jawo shi ba ɗaya ba ne. A wannan darasi za mu koyi bambance wanda za a lallaɓa a gida da wanda ba a kwana da shi.

Yadda jini yake komowa daga ƙafa

Zuciya ce take tura jini zuwa ƙafa. Saukarsa ba wuya, hawowarsa ce aiki. Abin da yake taimaka masa shi ne naman sharaɓa: duk takun da mutum ya yi, naman yana matse jijiyoyi, jini ya yi sama. A cikin jijiyoyin kuma akwai 'yan ƙofofi da suke buɗewa sama kaɗai, don kada jinin ya koma ƙasa. In shekaru suka ja, ƙofofin nan sukan saki. Sai a ce kuma mutum ya yini a kan benci, ƙafa a reto, ba tafiya. Jini ya taru a ƙasa, ruwa ya tsatso daga jijiya ya cika idon sawu.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka danna babban yatsanka a kan ƙashin ƙwauri, sama kaɗan da idon sawu, ka ƙirga goma, sannan ka ɗaga. In wurin ya loma kamar an danna tuwo mai ɗumi, ramin bai cike nan da nan ba, ruwa ne ya taru.

Ƙafa biyu ce ko ɗaya?

Wannan ita ce tambayar farko. In duka biyun ne, suna hawa da yamma suna saɓewa da safe, sau da yawa raunin jijiyoyin nan ne da yawan zama. Amma ciwon zuciya da na ƙoda da na hanta su ma da ƙafa biyu suke zuwa. Haka wasu magunguna, irin amlodifin na hawan jini, da diklofenak da tsofaffi suke yawan saye a kemis saboda ciwon gwiwa. Don haka a je a auna jini, a gwada fitsari da sukari, a tafi da duk maganin da ake sha a cikin leda a nuna wa likita. Kada a daina maganin hawan jini da ka, likita ne zai canza shi. Kada kuma a sayi ƙwayar sa fitsari a sha don wai ta janye ruwa. Tana iya raunana tsoho, ta taɓa ƙodarsa.

In tsoho ba ya iya kwanciya miƙe sai an tara masa matasai, ko yana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, a kai shi asibiti a ranar.

Ƙafa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, tana ciwo, ta fi tsoro. Mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiyar da take can cikin naman ƙafa. Yakan faru bayan doguwar jinya a kwance, ko tafiyar da ta wuce awa 4 a zaune, kamar motar Kano zuwa Legas ko jirgin alhazai. Kada a murza wannan ƙafa, kada a ja ta. Gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. In ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ya biyo baya, ba a jiran gari ya waye.

Abin da za a yi a gida

In an duba an ce ba wata babbar cuta, magani yana hannunmu. Baba ya kwanta a tabarma, ya ɗora ƙafafu a kan matasai har su ɗara ƙirjinsa, kamar rabin awa, sau uku a yini. Ɗora ƙafa a kan kujera 'yar tsuguno alhali ana zaune bai kai ba. Ya riƙa takawa, ko zuwa masallaci ne da dawowa. Wanda ba ya iya tashi ya dinga ɗaga yatsun ƙafa sama yana saukewa, sau 20 kowace awa.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A lissafin har da dunƙulen miya, don yawancinsa gishiri ne, kanwa ma ta shiga sahu. Uwargida ta rage sannu a hankali, ta ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, ba wanda zai ture kwano.

Ƙafar da ba a ɗagawa

Akwai wata matsala daban, wadda jini ne ba ya isa ƙafa sosai saboda hanyarsa ta tsuke. Ta fi kama masu ciwon sukari da masu shan taba. Alamarta: sharaɓa ta riƙe in an yi 'yar tafiya, ta saki in an tsaya, tafin ƙafa ya yi sanyi, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Wannan ƙafa ba a ɗaga ta, ba a sa mata safa mai matsewa sai likita ya yarda. Ba a kuma kai ta wurin wanzami a yi tsaga ko ƙaho, domin tsagar nan ce take zama gyambo, gyambon ya kai ga yanke ƙafa. Da hunturu kada a miƙa ta ga kaskon wuta. Mai sukari yakan ƙone bai ji ba. Lokacin alwala a duba tafin ƙafa, a tsane tsakanin yatsu da ƙyalle.

Aikin gida

Ka yi gwajin yatsa ga wani tsoho ko tsohuwa a gidanku, da safe da kuma bayan magariba. Ka rubuta a littafinka: ƙafa ɗaya ce ko biyu, ramin ya zauna ko bai zauna ba, da sunayen magungunan da yake sha. Ka zo da shi aji mako mai zuwa.