Ganyen da muke ƙonawa da hunturu, ga yadda zaka maida shi allo

Duk mai dogonyaro ko mangwaro a gida nan Gombe yasan wahalar shara da hunturu, a share da safe kafin la'asar ya sake zubowa, ƙarshenta a tara a cinna masa wuta hayaƙi ya ishi maƙota. Toh wannan ganyen ana yin allo dashi, irin na bayan firem ɗin hoto ko ɗan tire ko ƙaramin silin.

Ka tara busasshe, ka tsince leda da tsakuwa, ka baza a rana kwana 2 sannan ka daka. Don Allah ba a turmin abinci ba, ɗacin dogonyaro baya fita da wuri, uwargida bazata yafe maka ba. Kar ya koma gari, ka barshi kamar tsaki, wannan jijiyar ganyen ita ce ƙarfin allon.

Ganye shi kaɗai baya kama jikinsa, shi yasa ake haɗa masa takarda. Jiƙa tsohon kwali ya kwana, ka dagargaza ka matse. Ni mudu 3 na ganye nake sawa mudu 1 na kwali. Sai sitacin rogo irin na masu wanki da guga, ka dama da ruwan sanyi ka sheƙa tafasasshe kamar zakayi koko amma yafi koko kauri. Ƙaro ma yana yi, tsada ce dai. Ka cuɗa sosai har in ka dunƙula a hannu ya tsaya ruwa baya ɗiga.

Kafinta ya buga maka ɗan akwati mara zurfi, shimfiɗa leda, zuba, daddanna har kusurwa, ɗora katako ka danne da bulo 4, in kana da jak ɗin mota ma yafi matsewa. Ya kwana a haka.

Wajen shanya ne mutane ke ɓata aikin. A inuwa ake shanyawa ana juyawa kullum kamar sati guda, iskar hunturu ta isa. Na farkon da nayi rana na sashi don gaggawa, ya lanƙwashe kamar ƙwarya. Da damina kuwa kar ma ka fara, fumfuna zaiyi.

Ruwa yana narkar da sitaci, gara kuma kwali abincinta ne, don haka in ya bushe ka goge da sanfefa ka shafa banish sau 2 har gefe-gefe, kuma kar a jingina shi a ƙasa ko a ɗora masa kaya masu nauyi.