Auna zafin makamashi da gwangwani: inda ɗalibai suka fi yin kuskure

Idan ɗaliban lise suka iso babin ƙonewar makamashi, aikin da ake ba su sananne ne. A kunna 'yar fitila mai lagwani a ƙarƙashin gwangwanin ruwa, a duba digiri nawa ruwan ya hau, a lissafa zafin da makamashin ya saki. Kayan ba su fi ƙarfin kowace makaranta a Maraɗi ba: gwangwanin madara, tarmomita, sikeli da alkol. Sai dai lambar da ke fitowa yawanci rabin ta littafi ce, wani lokaci ma ba ta kai rabin ba, kuma daga nan ake fara ɓarna.

Ga misali. An zuba ruwa giram 200, ya tashi daga digiri 27 zuwa 47, wato ya hau digiri 20. Kowane giram na ruwa yana buƙatar jul 4.18 (jul ma'aunin yawan zafi ne) kafin ya hau digiri ɗaya, don haka 200 × 4.18 × 20 ya ba da jul 16720, ko kilojul 16.72. Fitilar ta ragu da giram 1.2. Idan aka raba, kowane giram na alkol ya ba ruwan kilojul 13.9. Littafi kuwa ya ce giram ɗaya na etanol, wato tsantsar alkol, yana sakin kilojul 29.7. Sai ka ga yaro ya taso da takardarsa yana cewa, "Malam, nawa bai yi daidai ba, in gyara?" Abin da yake nufi shi ne ya goge 47 ya rubuta 70. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ci mini rai, domin yana koya wa yaro cewa abin da idonsa ya gani bai kai abin da aka buga a littafi daraja ba. Amsar da ta dace ita ce, "A'a ɗana, lissafinka daidai yake. Je ka nemo mini inda sauran zafin ya tafi."

Kafin a kai ga neman, sai a tabbata lissafin kansa ba shi da matsala. Akwai masu saka nauyin makamashi a gurbin nauyin ruwa, su rubuta 1.2 × 4.18 × 20, su samu jul 100. Lambar 4.18 ta ruwa ce, tarmomita ma a cikin ruwa yake, saboda haka nauyin ruwa ne ke shiga nan. Nauyin makamashi sai a ƙarshe, wajen rabawa. Wasu kuma su ƙara 273 a kan digiri 20 ɗin wai suna mayar da shi kelbin, ma'aunin digiri na masana kimiyya, alhali tazarar digiri 20 ita ce tazarar kelbin 20. Sai masu mance raba jul da 1000 kafin su kwatanta da kilojul na littafi, da masu barin alamar ragi a gaban ΔH, wato canjin zafin da ƙonewar ta kawo, bayan kuwa ƙonewa sakin zafi take yi. Wajen daidaita lissafin sinadaran ma ana yawan mance cewa etanol yana ɗauke da oksijin guda a jikinsa. Daidai shi ne C2H5OH + 3O2 → 2CO2 + 3H2O, uku cif, ba uku da rabi ba.

Awon makamashin kansa yana da tarko. Mililita 10 na etanol ba giram 10 ba ne, giram 7.9 ne, don haka a bar awo da sirinji, a ɗora fitilar gaba ɗaya a kan sikeli da murfinta kafin a kunna, a sake ɗora ta bayan an kashe. Kuma da murfin ake kashe ta, nan take. Etanol yana tafasa a digiri 78, a zafin watan Afrilu kuwa, lokacin da inuwa ma ta haura digiri 40, lagwanin da aka bari a buɗe yana ta fitar da alkol cikin iska yayin da ake jiran layin sikeli. Wannan alkol bai ƙone ba, amma lissafi zai ɗauka ya ƙone. Sannan a karanta jikin kwalbar. Alkol ɗin da ake saye a farmasi don wanke rauni sau da yawa mai kashi 70 ne, sauran ruwa ne, kuma ruwa ba ya ci da wuta, zafi ma yake sha kafin ya zama tururi. Wanda ya kwatanta irin wannan da 29.7 ya zalunci gwajinsa tun kafin ya ƙyasta ashana.

To, ina sauran zafin? Mafi yawansa ya bi iska. Sa hannunka a saman gwangwanin, daga gefe, za ka ji iska mai ɗumi tana wucewa ba ta taɓa ruwan ba. Idan fanka tana juyawa ko iskar hunturu na shigowa ta taga, harshen wutar kwantawa yake yi yana lasar gefe. Gyaran ba shi da tsada: a kashe fanka, a samu babban gwangwanin tumatir a cire masa sama da ƙasa, a huda ramuka a gindinsa don iska ta shiga, a kifa shi ya kewaye fitilar. Gindin gwangwanin ruwan ya kasance dab da bakin harshen wutar, kuma a riƙe wannan tazara ɗaya a kowane gwaji. A guji kofin gilas, domin gilas ba ya miƙa zafi da sauri kamar ƙarfe.

Akwai wata yoyo da ba a cika lura da ita ba, wato tururi. Giram ɗaya na ruwa da ya tashi yana tafiya da jul 2260 ko fiye, kuma wannan ya isa ya ɗaga ruwanmu giram 200 da kusan digiri 3. Iskar Maraɗi a rani busasshiya ce, tana janye tururi da sauri. Don haka a rufe gwangwanin da kwali mai rami biyu, ɗaya na tarmomita ɗaya na abin motsawa, kuma kada a ɗumama ruwan har ya fara huci. Hawan digiri 15 zuwa 20 ya wadatar. Masu jira sai ya tafasa sun yi asara biyu, domin da ruwa ya fara tafasa tarmomita tsayawa yake yi, wuta kuwa na ci gaba da cin alkol.

Ga wata dabara da ta dace da mu ƙwarai. A fara da ruwan randa, wanda ya fi iskar ɗaki sanyi. Idan ɗakin yana kan digiri 37, a fara daga 27 a tsaya a 47. A rabin farko iska ce ke ba gwangwanin ɗumi, a rabi na biyu ita ke karɓa, sai biyun su kusa kashe juna.

Tarmomita kada ya zauna a gindin gwangwani, in ba haka ba zafin ƙarfe zai auna. A dinga motsa ruwan, kuma bayan an kashe wuta a ci gaba da duba har lambar ta daina hawa, ita ake rubutawa. Gwangwanin ma ya sha nasa: ƙarfe giram 40 da ya hau digiri 20 ya ɗauki kimanin jul 360. Kaɗan ne, amma mai son tsabtar aiki zai ƙara shi.

Yanzu a juya gwangwanin a shafa gindinsa da yatsa. Idan yatsa ya fito baƙi ƙirin, kabon ne da bai ƙone ba, wato makamashin da sikeli ya ce an kashe amma bai ba da zafinsa ba. Harshen wuta mai ruwan ɗorawa da hayaƙi alama ce ta ƙarancin iska, shuɗi kuma alama ce ta cikakkiyar ƙonewa. Kananzir ya fi alkol yin wannan baƙi nesa ba kusa ba, don haka a rage tsawon lagwani. Lambobin suna da ban tsoro: giram 12 na kabon idan ya ƙone sarai ya zama CO2 yana sakin kilojul 393.5, idan kuwa ya tsaya a CO, iskar da ke fitowa idan ƙonewa ba ta cika ba, sai 110.5 kawai, bai kai sulusi ba. Wannan CO ɗin ba shi da launi ba shi da wari, kuma shi ne ke kashe mutanen da suka shigar da kaskon gawayi ɗaki suka rufe ƙofa da taga a daren sanyi. Ina roƙon duk malamin da ya iso wannan wuri ya dakata da lissafi ya faɗa wa yara wannan, su kai gida.

Lambar littafi kuwa ba da gwangwani aka samo ta ba. Tun 1782 zuwa 1783 masana kimiyya Lavoisier da Laplace suka auna zafi a Faransa ta hanyar duba yawan ƙanƙarar da ya narkar, sannan a wajajen 1880 wani masani mai suna Berthelot ya fito da rufaffiyar tukunyar ƙarfe da ake cika ta da tsantsar oksijin, a nutsar da ita cikin ruwa, a kunna makamashin da lantarki. A can babu iskar da ke ɗauke zafi, babu abin da ke saura bai ƙone ba. Gwangwani ba zai kai nan ba ko an yi duk gyaran da muka ambata. Amfaninsa shi ne kwatanta makamashi biyu a yanayi ɗaya: ruwa ɗaya, tazara ɗaya, murfi ɗaya, a maimaita kowanne sau uku a ɗauki matsakaici.

Wajen kwatancen ma a lura da ma'auni. Gas ɗin girki, butan, yana sakin kimanin kilojul 2877 a kowane mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari), etanol 1367, sai ɗalibi ya ce gas ya ninka alkol fiye da sau biyu. Amma mol ɗin butan giram 58 ne, na etanol 46. A giram, 49.6 ne da 29.7. Mai saye da kilo, lambar giram ce ta shafe shi.

Inda babu alkol, gyaɗa na yin aikin, ga ta ko'ina a kasuwanninmu. Giram ɗayanta yana ɗauke da kimanin kilojul 24. A soke ƙwaya ɗaya da allura, a kunna ta nesa da gwangwanin don kada zafin ashana ya shiga lissafi, sannan a kawo ta ƙarƙashi da sauri. A sa ɗan murfin kwalba ya tari man da ke ɗiga. Idan ta mutu, a auna baƙin da ya rage tare da man da aka tara, a cire daga nauyin farko, domin abin da ya ƙone kawai ake raba zafin da shi.